Shekarar da Muka Fara Sayar da Ruwa

Ku da kuka tashi kuka tarar da shagonmu cike da farantan sola, kuna jin mutane suna cewa wai wani kamfani ne ya zo daga Legas ya ɗora ni a kan sana'ar, wasu kuma su ce hangen nesa gare ni tun farko. Duka biyun ba haka ba ne, kuma ina so ku ji yadda aka yi daga bakina tun ina da sauran ƙarfi. Ni bakanike ne. Injin ban-ruwa da janareta na sani, su nake gyarawa tun ina saurayi, da su na yi aure, da su na gina gidan da aka haife ku. Garejinmu na bakin hanyar Sakkwato a nan Tambuwal, in rani ya kama, ko sallama aka yi ba ka ji saboda ƙarar injuna. Manoman fadama daga Sanyinna da Kebbe da ƙauyukan da ke bayansu, kowa ya ɗauro injinsa a bayan babur ya kawo mana. Muna gyara, muna sayar da sababbi, muna sayar da fulogi da kabireta da tiyo. Ina da a-kori-kura da nake ɗauko kaya da ita, wadda in ta shigo gari kowa ya san ni ne.

Ba ni kaɗai nake ba. Akwai Baffanku Bawa, wanda muka koyi aiki tare a hannun oga ɗaya tun muna yara. Sunana ne a jikin allon shago, amma kunnensa ne ya riƙe mana mutane, don shi in inji ya yi tari sau ɗaya ya san ciwonsa. Akwai Shehu, mai ƙarfi da zafin nama, magidanci mai 'ya'ya ƙanana. Akwai kuma Nasiru, wanda ke naɗa mana kwayil ɗin janareta, shi ne ya san harkar waya da lantarki a cikinmu. In ba aiki yakan je ya haɗa wa mutane 'yar sola ta fanka da cajin waya a gidaje. Sai sauran ma'aikata da kowannensu ke da bakin da yake ciyarwa daga wannan rumfa.

Sai shekarar da fetur ya yi tashin da bai taɓa yi ba. Da farko mun ce zai sauko, ai mun saba. Damina ta wuce bai sauko ba. Lokacin da ya kamata a ce injuna sun cika ƙofar gareji, sai ga benci babu kowa. Ma'aikata su zo da safe, su share wuri, su goge sifanun da suke a goge, su zauna suna kallon motoci na wucewa. Bawa kan ɗauko wani tsohon inji ya tayar don kawai ya ji ƙara, daga baya shi ma ya daina, don man da yake ƙonawa ya fi ƙarfin wasa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda suke satar kallona. Kowa na jiran ranar da zan ce a rufe.

Na gaji da zama, na ce bari in bi manoman in ga abin da ya hana su zuwa. Na tafi Kebbe wajen Malam Jabbi, manomin albasa da ya daɗe yana kawo mana aiki. Na same shi a fadama, rabin gonar ba a dasa komai ba, ɗaya rabin kuma shi da 'ya'yansa suna ɗibar ruwa da guga suna zubawa fangali bayan fangali. Injin da na gyara masa yana gefe an rufe shi da tsohuwar tabarma.

Na ce, “Malam Jabbi, mi yas samu injin? Ai da ka kawo shi in duba.”

Ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya ce, “Injin lafiya lau shike, Alhaji. Kai kag gyara shi, ba shi da laifi. Abin da shika sha na ba ni iya saye. In na ba shi, ɗiyana ba su ci.”

Muka yi sallama na juyo. A hanyar dawowa na tsaya sallar la'asar a wani masallacin ƙauye da ke da rijiyar burtsatse mai sola. Na sha wucewa ta wurin, a raina ina ɗaukar irin wannan abin na gwamnati ne da masu taimako. Ran nan ina alwala sai na ga tanki ya cika yana ambaliya, ba ƙara, ba hayaƙi, ba wanda ya je gidan mai. Na daɗe a tsaye ina kallon ruwan nan yana zuba a ƙasa, ina tuna bayan Malam Jabbi.

Washegari na ɗauki Nasiru muka tafi Sakkwato wajen masu sayar da kayan. Muka ga famfon da ke aiki da rana, muka ga faranti, aka gwada mana. Da aka faɗi farashi sai na ga abin ya fi ƙarfin manomi. Mutumin da galan ɗin fetur ya gagara, ina zai sayi wannan? Na dawo gida na sami innarku a tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo. Na zauna a kan turmi na kwashe komai na gaya mata, har na ce da alama ƙarshen garejin ne ya zo. Ba ta daina tankaɗen ba.

Ta ce, “To Alhaji, dole na sai ka sayar musu?”

Na ce, “In ban sayar ba, kyauta za ni ba su?”

Ta ɗaga rariyar ta nuna mini. “Wanga garin da nika tankaɗe, injin niƙa gare ni? Mai inji ya aje abinai, ni in kai dawa, in biya kuɗin niƙa, in dawo da gari. Manomi ba inji shika so ba, ruwa shika so. Ka aje kayan su zama naka, ka kai musu ruwa su biya ka.”

Ku rubuta wannan ku ajiye. Duk abin da kuka gani a shagon nan, daga bakin uwarku ya fito, tana tankaɗe. Ni abin da na yi shi ne na ji, kuma na yarda.

Yarda ke da sauƙi, jari ne babu. Na sayar da a-kori-kura. Na sayar da sauran sababbin injunan da ke cikin shago a kan faɗuwa, ga wani ɗan kasuwa da ya san a matse nake. Ranar da sabon mai motar ya zo ya ja ta, na shige cikin shago na yi kamar ina neman wani abu, don kada in ga fitarta. Na koma hawan babur da furfurata, waɗanda da suke ɗaga mini hannu suka fara gaishe ni da irin gaisuwar da ake yi wa wanda ya yi rashi.

Kafin in sayi ko waya ɗaya, na tara ma'aikata da safe a cikin rumfa. Ban ɓoye musu komai ba. Na ce gyaran inji ba zai ƙara riƙe mu ba, ko fetur ya ɗan sauko. Na ce za mu ƙera kura mu ɗora mata faranti da famfo, mu riƙa ja da babur gona zuwa gona muna ba da ruwa, manomi ya biya ƙasa da abin da zai kashe a fetur. Na ce ba zan sallami kowa ba, amma abin da za a riƙa samu zai ragu kafin a ga haske, kuma kowa zai koma ɗan koyo a hannun Nasiru, har ni.

Shehu ne ya fara magana, ya ce shi yana da ƙanana a gida, ba zai iya jiran gwaji ba. Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa. Na roƙe shi ya ba ni rani ɗaya, ya ce in yi haƙuri. A satin ya bi wata motar shanu zuwa kudu. Sai Bawa, wanda tun da na fara magana yake jujjuya sifana a hannu. A gaban mutane Alhaji yake ce mini, amma ran nan da sunana ya kira ni.

“Garba, tun muna ɗiya muna cikin baƙin mai ni da kai. Yanzu da hurhura kaka so in zauna Nasiru shi koya min ja da baƙar waya? Kuma mu da muka san inji mu koma 'yan ga-ruwa?”

Na ce, “Bawa, ni ma zama za ni yi.”

Ya ce, “Kai kaz zaɓa. Ni ba a tambaye ni ba.”

Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya fita. Ya koma tasha wajen wani surukinsa mai gyaran babura. Muna haɗuwa a masallaci, mu gaisa kamar waɗanda aka haɗa jiya, kowa ya nemi takalminsa. Rabuwa da motar bai yi mini ciwo kamar wannan ba. Innarku ta lura na rage cin abinci, sai ta ci gaba da aika wa gidan Bawa tuwo ranar Juma'a kamar yadda ta saba.

Waɗanda suka rage, na san idonsu a kaina yake. Saboda haka ni na fara zama a benci gaban Nasiru. Ranar farko na haɗa waya a juye, ya rasa yadda zai gaya mini, sai ya yi ta “Baba, ko dai a sake dubawa.” Ma'aikata suka ƙunshe dariya. Na ce su yi abarsu, suka fashe, ni ma na yi. Daga ranar ba wanda ya ƙara jin kunyar tambaya. Kowace safiya kafin a taɓa aiki mukan zauna a kan koko da ƙosai, in ce duk mai shakka ya faɗa, duk wanda ya ga inda za mu faɗi ya nuna. A irin wannan zama ne wani ya ce faranti su zama masu naɗewa don su shiga hanyar gona, wani ya ce a sa dogon tiyo don kada a riƙa tattake shuka. Innarku kuma ta ɗauki nauyin abincin rana, don kada ɗan abin da suke samu ya ƙare a wajen mai abinci. Kwano ɗaya muke sa hannu.

Muka ƙera kurar. Ni na yi waldar da kaina, tunda Bawa mai yi mana ba ya nan. Muka ɗaura ta a babur muka kama hanyar Kebbe, Nasiru na ja, ni ina biye. Kun san hanyar nan. Ba mu yi nisa ba muka faɗa wani rami, na ji ƙas. Ƙarfe ya ɓalle, faranti ɗaya ya sauko ya tsage tun daga sama har ƙasa. Nasiru ya sauka ya zauna a bakin hanya ya ɗora hannu a ka.

Ya ce, “Baba, ni nij ja mu ga wanga abu. Ka sai da motarka sabili da ka yarda da aikina.”

Raina a ɓace yake, don na san abin da farantin nan ya ci. Amma na ga in na nuna, aikin ya mutu a wurin. Na ce, “Tashi. Famfon ya ƙi aiki?” Ya ce a'a. “Rana ta ƙi fitowa?” Ya ce a'a. Na ce, “To ƙarfe na yak karye, kuma ni nil liƙa shi. Kama mu juya.”

Kafin mu iso gari labari ya riga mu. A wajen mai shayi ana cewa Alhaji ya sayar da mota ya sayi madubi, madubin ma ya fashe.

Na kwana ina tunani, da safe na hau babur na tafi tasha. Na sami Bawa a tsugune yana ɗaure sarƙar wani babur. Ban ce ya dawo ba, don na san shi. Na tsaya kamar kowane mai kawo gyara.

Na ce, “Aiki nik kawo ma. In ka yi in biya ka.”

Bai ɗago ba. Ya ce, “Na ji labari.”

Da rana sai ga shi a gareji. Ya zagaya kurar, ya tsuguna, ya kai yatsa inda ta ɓalle.

“Wa yay yi wagga walda?”

Na ce, “Ni.”

Ya girgiza kai. “Tun muna gidan oga ba ka iya ba. Kuma ka ɗora gilashi bisa busasshen ƙarfe ka hau hanyar Kebbe? Ko ƙwai aka ɗauka ai ana sa mai ƙaiƙayi.”

Ya aika aka samo masa sifirin na tsohuwar mota, mai rage girgiza, da tsohuwar taya. Ya warware duk abin da na yi, ya sake ƙerawa, ya yanka roba ya sa a duk inda faranti ke taɓa ƙarfe. Da ya gama sai ya ɗauki famfon yana jujjuyawa, ya kwance bakinsa ya leƙa, ya ce ashe cikin duk ɗaya ne da wanda ya sani, abin da ke juya shi ne kawai ya canza. Na ce masa to daga yau ƙarfe da famfo nasa ne, waya da faranti na Nasiru, ba wanda ke ƙarƙashin wani. Na kuma ce masa da ya kamata shi na fara gaya wa kafin in tara mutane. Na miƙa masa kuɗin aikinsa, ya dube ni kamar na zage shi. Washegari da na zo buɗe shago na tarar da shi zaune a kan akwatinsa yana jira.

Muka sake kama hanyar Kebbe, wannan karon mu uku, kurar tana lilo a kan sifirin kamar amarya a kan doki. Muka isa fadamar Malam Jabbi da hantsi. Manoma suka bar aikinsu suka kewaye mu, wasu don su gani, wasu don su sami abin ba da labari. Nasiru ya buɗe faranti ya fuskantar da su rana. Bawa ya haɗa famfo da bututun rijiya, ya miƙa tiyo har bakin fangalin farko. Mutane suna ta neman inda igiyar tayarwa take. Nasiru ya yi bisimilla ya danna maɓalli.

Shiru. Wani dattijo a bayana ya ce, “Ba ta tashi ba.”

Ni kaina na kasa kunne, don na saba jiran ƙara. Sai na ga tiyo ya motsa a ƙasa, ya kumbura, ya miƙe. Ya yi tari ya tofar da laka, sannan ruwa ya ɓalle, fari tas, yana gudu cikin fangali. Aka ɗauki kabbara. Malam Jabbi ya tsaya baki buɗe, sai ya cire hula ya tara hannu ya wanke fuska, ya ɗauki fartanya a guje yana buɗe wa ruwan hanya, yana kiran 'ya'yansa su ajiye guga. Dattijon nan ya zo ya kara kunnensa a jikin famfo, ya zagaya bayan faranti yana neman inda muka ɓoye tankin mai.

Ya ce, “To mi taka sha?”

Bawa ne ya ba shi amsa, ya nuna sama da sifana. “Ga gidan manmu can, Baba. Ba a layi.”

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. Ruwan sola bai kai na fetur ƙarfi ba, kuma ba ya zuwa da asuba ko bayan rana ta faɗi, lokacin da manoma suka saba ban-ruwa. Wasu suka ce ruwan tsakar rana zai dafa musu albasa. Ga rigimar wa za a fara ba. An kusa dambe a kan haka, har aka zo ana cewa ni in raba. Na ƙi. Na ce ni baƙo ne a fadamar nan, su zaɓi wanda suka yarda da shi a cikinsu ya riƙa tsara layi, mu namu kai ruwa. Suka zaɓi Malam Jabbi. Masu tsoron zafin rana aka ba su hantsi da la'asar, masu gaggawa suka karɓi tsakiya. Nasiru da wani ma'aikaci suka tare a Kebbe har ƙarshen rani, Bawa na zirga-zirga, ni kuma gwiwoyina suka san hanyar nan a kan babur, har yau suna tuna mini in sanyi ya shigo.

Albasa ta yi. Gonar Malam Jabbi da na gani rabinta a bushe, an dasa ta har bakin iyaka. Da abin da muka samu muka ƙera kura ta biyu da ta uku. Manoman da suka sami amfani suka fara haɗa kai, maƙwabta uku ko huɗu su sayi nasu, mu je mu kafa musu, mu riƙa dubawa. Daga gona aka fara kiranmu gidaje da masallatai da shagunan masu sayar da ruwan sanyi. Na aika wa Shehu saƙo cewa wurinsa na nan. Ya amsa da godiya, ya ce ya riga ya kafu a can. Bai dawo ba, kuma har yau in na tuna ƙarfinsa da dariyarsa nakan ji da ma ya jira.

Da rani ya zagayo, wata safiya na iso shago na kasa samun inda zan ajiye babur. Mutanen Sanyinna ne suka zo ƙungiya, ga na Kebbe, ga wasu daga ƙauyukan da ban taɓa takawa ba. Nasiru na tsaye yana yi wa wasu bayanin faranti nawa gonarsu ke buƙata. Bawa na walda, yana koya wa sababbin ma'aikata biyu, yana yi musu faɗa. Na shiga na zauna a kujerata ina jiran a zo a tambaye ni wani abu. Ba wanda ya zo. Kowa ya san aikinsa. Can sai ga Bawa ya taho da dogon ƙarfe a kafaɗa, ya tsaya a kaina, ya ɗaga gilashin walda.

“Alhaji, don Allah kau da kujerag ga. Ka tare muna hanya, aiki muke.”

Na ɗauki kujerata da hannuna na fita da ita gindin dogon yaro, na aika a kawo wa kowa shayi, har baƙin. Na zauna ina kallonsu, ban san ina murmushi ba sai da mai shayin ya tambaye ni ko an yi mini haihuwa ne.